Me Ake Nufi da Manhaja Mai Buɗaɗɗen Tushe?

Duk mai bin labaran fasaha ya sha cin karo da wannan magana. Kamfani ya fito da sabuwar manhaja, a ce ai mai buɗaɗɗen tushe ce, nan take a hau yabonsa. Masu fafutukar kare haƙƙin jama'a a intanet su ce kada ka saki jiki da manhajar da tushenta yake rufe. Wanda ya fara koyon gina manhaja kuma, shawarar farko da ake ba shi ita ce ya nemi wani aiki mai buɗaɗɗen tushe ya sa hannu. Mutane da yawa sun ɗauka abin da ake nufi shi ne manhajar da ba a biyan kuɗinta. Ba haka ba ne, kuma wannan fahimta ce ta ba wasu kamfanoni damar cin kasuwarsu da sunan ba tare da sun cika sharuɗɗansa ba.

Bari mu fara da tushen kansa. Kowace manhaja mutane ne suka zauna suka rubuta ta, layi bayan layi, da ɗaya daga cikin yarukan kwamfuta irin su Python ko Java ko C. Wannan rubutu shi ne tushe, masu sana'ar kuma kod suke ce masa. Wanda ya san yaren zai karanta ya gane abin da aka umarci na'ura ta yi. Sai dai kafin manhajar ta iso wayarka, galibi an riga an juya rubutun zuwa lambobin da na'ura ce kaɗai ke gane su. Kamar a ba ka gida ne ka shiga ka zauna, amma a riƙe zanen da ke nuna inda bututun ruwa da wayoyin lantarki suka bi. Za ka ji daɗin zama, to amma ranar da wani abu ya lalace sai ka jira magini, kuma in ya bar wata ƙofa ta baya da shi kaɗai ya san da ita, ba ka da hanyar sani.

Ganin kod kaɗai bai isa a kira manhaja mai buɗaɗɗen tushe ba. Abin da ke yanke hukunci shi ne lasisi. A dokar haƙƙin mallaka, da zarar mutum ya rubuta kod ya zama nasa, ko da ya baza shi a intanet kowa yana gani. Sai ya rubuta a fili cewa ya yarda ka yi amfani da shi a duk abin da ka so, ka karanta ka canza, ka ba wani, ka kuma rarraba wanda ka canza ɗin, sannan ya zama buɗaɗɗe. Masu koyo suna yawan faɗawa a nan. Su ga kod a GitHub, shafin da masu gina manhaja ke ajiye kod ɗinsu, su kwafa, su ce ai a buɗe yake. In babu lasisi a tare da shi, izinin kallo kawai ka samu.

Asalin tafiyar a Amurka ne. Wajen shekarar 1980, Richard Stallman yana aiki a wani ɗakin bincike na jami'ar MIT, aka kawo musu sabuwar firinta ta kamfanin Xerox mai yawan cije takarda. Ya so ya gyara manhajarta ta riƙa sanar da mutane in ta cije, aka hana shi kod ɗin. Abin ya tsaya masa a rai. A 1983 ya shelanta shirin GNU, wato gina babbar manhajar kwamfuta wadda ba wanda zai iya kulle ta, a 1989 kuma ya fitar da lasisin GPL. Shi manhajar 'yanci yake kiranta, don a wurinsa batun ɗa'a ne: hana mutum sanin abin da na'urarsa ke yi zalunci ne. A 1991 wani ɗalibi ɗan shekara 21 a jami'ar Helsinki ta ƙasar Finlan, Linus Torvalds, ya fara rubuta Linux, wato ƙashin bayan babbar manhajar da ke tafiyar da kwamfuta, a matsayin abin sha'awa, shekara ta gaba ya sa shi ƙarƙashin GPL. Shi kuwa sunan buɗaɗɗen tushe sai a 1998 ya fito, lokacin da kamfanin Netscape ya ce zai saki kod ɗin burauzarsa, wadda daga baya ta haifi Firefox. Christine Peterson ce ta kawo sunan, kuma manufar waɗanda suka karɓe shi ita ce a samu lafazin da ba zai firgita 'yan kasuwa ba. A shekarar ce aka kafa ƙungiyar OSI mai tantance lasisi. Har yau Stallman bai yarda da sunan ba. Yana ganin an ɗauki tsarin aikin an jefar da aƙidar.

Lasisin iri-iri ne, amma gida biyu suka kasu. Irin su lasisin MIT da na Apache sakakku ne: ɗauki ka yi yadda ka ga dama, ko da za ka rufe abin da ka gina ka sayar, ka dai bar sunan masu shi da bayanin lasisin. GPL kuwa tana da sharaɗi. In ka canza kod ɗin ka rarraba wa jama'a, dole ka ba su naka kod ɗin bisa lasisin da ka samu. Wannan sharaɗi ne ya sa Steve Ballmer, shugaban Microsoft na lokacin, ya kira Linux cutar daji a 2001. A 2018 wannan kamfani dai ya sayi GitHub, matattarar irin waɗannan ayyuka, a kan dala biliyan 7.5. IBM ma ya sayi Red Hat, kamfanin da sana'arsa ita ce sayar da hidimar Linux, a kan dala biliyan 34 a 2019. Wanda ke ganin babu kuɗi a harkar sai ya sake lissafi. Kuɗin dai ba a hannun yawancin masu rubuta kod ɗin yake ba, zan dawo kan wannan.

Me ya haɗa wannan da haƙƙin jama'a? A 2015 aka gano kamfanin Volkswagen ya sa wa motocinsa masu amfani da dizal, wajen miliyan 11, wata manhaja da ke gane lokacin da ake gwajin hayaƙi. In ta ji ana gwaji sai ta rage gurɓataccen hayaƙin, in motar ta hau titi sai ta saki. Shekaru aka yi ana haka, saboda ba wanda ke da ikon leƙa kod ɗin. Yanzu kuwa manhaja ce ke riƙe da hirarrakinmu da kuɗinmu da bayanan lafiyarmu, ita ce ke zaɓar labarin da za mu gani. In a rufe take, sai dai ka ɗauki maganar kamfani.

Ko a manhajojin aika saƙo ana ganin bambancin. Signal a buɗe take, masana sun karanta sun gwada. WhatsApp tun 2016 tana amfani da tsarin ɓoye saƙo na Signal, amma manhajar kanta a rufe take. Telegram ta buɗe ɓangaren da ke kan wayarka, ta rufe na uwar garkenta, wato manyan kwamfutocin kamfanin da saƙo ke bi ta cikinsu. Android ma haka: gindinsa Linux ne kuma a buɗe yake, amma Play Store da hidimomin Google da yawancin manhajoji ke dogaro da su a kulle suke. Huawei ta ɗanɗana wannan a 2019 da takunkumin Amurka ya hau kanta. Ba a iya hana ta Android ba, amma an raba sababbin wayoyinta da hidimomin Google, cinikinta a ƙasashen waje ya faɗi.

To amma akwai wata magana da masoya abin ke yawan yi wadda ban yarda da ita ɗari bisa ɗari ba, wai tunda kowa na iya gani, ai ba kuskuren da zai ɓoye. Iya gani daban, dubawa daban. OpenSSL, wadda ke tsare sirrin shafukan intanet bila adadin, ta yi kusan shekara biyu da wata ɓaraka a jikinta kafin a gano a Afrilun 2014, aka sa mata suna Heartbleed. Da aka bincika sai aka tarar mutane ƙalilan ne ke riƙe da aikin, gudummawar da suke samu kuma ba ta wuce wajen dala dubu biyu a shekara ba, alhali bankuna da manyan kamfanoni na cin moriyarsa.

Labarin xz ya fi wannan tayar da hankali. Ƙaramar manhaja ce ta matse fayil, tana cikin kusan kowace kwamfuta mai Linux, kuma mutum ɗaya, Lasse Collin, ya daɗe yana kula da ita a lokacin hutunsa ba albashi. A 2021 wani mai amfani da sunan Jia Tan ya fara turo gyare-gyare masu kyau. Can sai wasu asusun suka taso suna matsa wa Collin lamba, suna cewa aikin ya tsaya, ya kamata ya nemi mataimaki. Mutumin ya gaji, ya kuma faɗa da bakinsa cewa yana fama da rashin lafiya. A hankali Jia Tan ya samu ikon fitar da sabon zubi. A farkon 2024 ya cusa ƙofar baya wadda za ta ba shi damar shiga kwamfutoci daga nesa, ya ɓoye ta a cikin fayilolin gwaji inda ba kasafai ake dubawa ba. Wanda ya kama shi, Andres Freund, injiniya ne a Microsoft, kuma ba farautar masu kutse ya fita ba. Wani gwaji nasa yake yi ya lura shiga na'urarsa ya ƙara jinkirin kusan rabin daƙiƙa. Ya ƙi kawar da kai, ya bi diddigi, ya tona asirin ranar 29 ga Maris, kafin gurɓataccen zubin ya kai ga yawancin jama'a. Kowane ɓangare ya ɗauki labarin ya kafa hujja da shi. Wasu suka ce ga haɗarin barin baƙo ya sa hannu a kod, wasu suka ce da a rufe take da Freund bai isa ya bi sawu ba. Duka biyun gaskiya ne. Abin da ya fi damuna shi ne yadda duniya ta ɗora kaya mai nauyi haka a kan mutum ɗaya da ba ta biyansa ko sisi.

A ganina babban ƙarfin buɗaɗɗen tushe shi ne ikon ɓallewa. In mai riƙe da aikin ya sauya hali, jama'a na iya ɗaukar kod ɗin su ci gaba da kansu da wani suna. Da kamfanin Oracle ya sayi kamfanin Sun, mai riƙe da manhajar ofis ta OpenOffice, a 2010, masu aikinta da ba su natsu ba suka fita suka kafa LibreOffice. Da kamfanin HashiCorp ya sauya lasisin manhajarsa Terraform a 2023, aka samu OpenTofu. Da Redis ya yi haka a Maris na 2024, cikin kwanaki aka fito da Valkey, kuma a 2025 Redis ya dawo da buɗaɗɗen lasisi. Mai amfani da rufaffiyar manhaja ba shi da wannan mafita. In an ƙara kuɗi ko an daina aikin, sai ya haƙura ko ya kwashe kayansa.

Ga mai koyo kuwa, amfanin farko karatu ne. Darasi yana koya maka rubuta layi ashirin, amma a nan za ka ga yadda ake riƙe layi dubu ɗari, da muhawarar da aka yi kafin a karɓi kowane gyara, don tarihin yana nan a ajiye. Ba sai ka fara da babban abu ba. Gyaran bayanin amfani, ko fassara, ko kawo rahoton matsala dalla-dalla yadda wani zai iya maimaita ta, duk aiki ne. Ka dai karanta ƙa'idojin aikin kafin ka turo komai. Masu kula da ayyukan nan sun gaji da gyaran wasa da ake turo musu don kawai suna ya fito, yanzu ga kuma kod da rahotannin da ƙirƙirarriyar basira ta rubuta wanda ya turo bai ma karanta ba.

Ita ƙirƙirarriyar basirar ce ma fagen da ake ta ja-in-ja kan sunan a yau. Kamfanin Meta na kiran Llama, ƙirƙirarriyar basirarsa, mai buɗaɗɗen tushe, amma lasisin da ya fito da shi a 2023 ya ce kamfanin da ke da masu amfani sama da miliyan 700 a wata sai ya nemi izini na musamman, ya kuma hana wasu nau'o'in amfani. Ƙa'idar OSI ba ta yarda a ware wani mutum ko wani fannin aiki ba, shi ya sa ta ce sunan bai dace da Llama ba. Kamfanin DeepSeek na ƙasar Sin ya saki tasa mai suna R1 a Janairun 2025 da lasisin MIT, wanda ba a jayayya a kansa, amma abin da ya saki shi ne lambobin da horo ya haifar, wato sakamakon koyar da na'urar da tarin rubutu. Bayanan da aka horar da shi da su ba a fitar ba. Za ka iya sauke shi, ka gudanar da shi a kwamfutarka, ka ƙara masa horo, amma ba za ka iya sake gina shi daga farko ba, ba kuma za ka san rubutun wa aka ciyar da shi ba. A Oktoban 2024 OSI ta fitar da ma'anarta ta wannan fanni, ta buƙaci kod da lambobin da cikakken bayani kan bayanan horon, amma ba ta tilasta sakin bayanan kansu ba. Wasu tsofaffin 'yan tafiyar suka ce ta yi sassauci da yawa, kuma ina tare da su. A manhaja ta yau da kullum, tushe shi ne abin da mai aikin ke taɓawa in zai canza halinta. A nan kuwa bayanan horon ne ke yin kaso mafi girma na wannan aiki, kuma su ne kamfanonin suka fi riƙewa gam, wasu don gudun abokan gasa, wasu don gudun kotu.