Homesis: lokacin da maganin kashe ciyawa ke sa ciyawa girma

Homesis suna ne da masana suka ba wani hali na abu mai rai: gubar da ke kashe shi idan ta yi yawa, ita ce kuma ke zaburar da shi idan ya samu 'yar ƙanƙanuwa. Masu bincike biyu, Southam da Ehrlich, su ne suka fara amfani da kalmar a 1943.

A harkar kiwo an fi jin maganar daga Burazil, inda shanu ke kiwo a manyan filayen ciyawar birakiyariya, wadda daga Afirka aka kai ta can. Masana a ƙasar sun gwada fesa gilifoset, sinadarin da ke cikin maganin kashe ciyawa na Roundup, amma giram kaɗan a hekta maimakon ɗaruruwan giram da ake zubawa don kashe ciyawa. A wasu gwaje-gwajen ganye ya ƙaru.

Abin da ya fi shafar makiyayi shi ne ingancin abincin. Gilifoset yana toshe hanyar da tsiro ke bi ya haɗa wasu sinadarai, ciki har da wanda ake gina liginin da shi. Liginin ne ke sa kara tauri. Duk wanda ya ga saniya a cikin gamba da ta tsufa ya san abin: tana tsintar ganye, tana barin karan a tsaye, abin da ta haɗiya ma ba ya narkewa sosai a tumbi. Idan aka ɗan rage aikin wannan hanya ba tare da an rufe ta ba, liginin na iya raguwa, ciyawar ta fi laushi da narkewa. Manoman rake ma sun daɗe suna yin ƙaramin feshi kafin yanka don ƙara zaƙi.

Sai dai ni ban ga wannan a matsayin shawara ga manomi mai goya famfon feshi ba. Tazarar da ke tsakanin zaburarwa da ƙona ciyawa siririya ce ƙwarai, kuma tana sauyawa da irin ciyawar, shekarunta da damshin ƙasa. Mai auna magani da murfin gora ba zai dace da ita ba. Sau da yawa ƙarin girman kan ɓace bayan 'yan makonni. Ga kuma haɗarin da ya fi damuna: feshin da bai kai kisa ba yana barin ciyayi masu juriya su yi iri, har a wayi gari maganin ya daina cin su, kamar yadda aka nuna a gwaji da wata ciyawar gonakin alkama a Ostareliya.