Shin Mayakofski maroƙin gwamnati ne kawai?

An daɗe ana cewa juyin juya halin da aka yi a Rasha a 1917 ne ya haifi mawaƙin Rasha Mayakofski, wai maroƙin gwamnati ne kawai. Zancen yana da tushe: a 1935, bayan mutuwarsa, Stalin, shugaban Tarayyar Sobiyat na lokacin, ya yabe shi, aka cika makarantu da waƙoƙinsa na siyasa.

Amma tun 1912 shi da abokansa 'yan Futurizim (tafiyar masu neman sabon salo a adabi da zane), irin su mawaƙi Khlebnikof, suka yi shelar watsi da tsohon salon waƙa. Da rigarsa rawaya yake rera baitoci a bainar jama'a. Ya goyi bayan juyin, gaskiya ne, sai dai wasan kwaikwayonsa na 1930 manyan ma'aikatan gwamnati ya yi wa ba'a.

Mai son tantancewa ya duba shekarar da aka fara buga kowane aikinsa. Don Allah a tura wa masu sha'awar adabi.