Kafin ka danna maɓallin injin juya jini

'Yan'uwa ma'aikatan ɗakin gwaje-gwaje, da ɗaliban da ke zuwa koyon aiki, maganata a kan santirifuj ce, ƙaramin injin nan da ke juya kwalaben jini ko fitsari da gudu har mai nauyi ya kwanta a ƙasa, ruwan ya taso sama. Mutum ɗaya ma yana iya ɗaukarsa, shi ya sa ake raina shi.

Wata safiya a wurin aikina, wani ɗalibi ya jera kwalabe uku na jini a gefe guda, ya rufe, ya kunna. Kafin minti ɗaya injin ya fara kakkarwa yana tafiya a kan tebur, sai muka ji ƙas! Kwalba ta fashe a ciki. Hannunsa ya nufi murfi, na riƙe shi. Da ya buɗe a lokacin, da ya shaƙi feshin jinin da ba mu san abin da ke cikinsa ba.

Tushen matsalar rashin daidaito ne. Kowace kwalba tana buƙatar abokiyarta a ramin da ke fuskantarta kai tsaye, iri ɗaya, nauyi ɗaya. Nauyi na ce, domin ido yana yaudara: kwalabe biyu sukan zo a cike daidai amma nauyinsu ya bambanta. Idan samfur ɗaya gare ka, zuba ruwa a wata kwalbar, ka auna su a sikeli. Dalilin kuwa shi ne, idan injin yana juyawa da ƙarfin da ya ninka jan ƙasa sau 1,000, bambancin giram 1 yana zama tamkar kilo 1 yana fizgar gefe guda. Idan kuma ka ninka gudu sau biyu, ƙarfin sau huɗu yake ninkuwa. Kwalabe uku a faifai (sashen injin da ke juyawa ɗauke da kwalaben) mai rami 12 za su yiwu, amma sai an raba su da tazara ɗaya, rami uku babu komai tsakanin kowace da ta gaba.

Kafin ka saka kwalba, ɗaga ta ga haske ka duba ko ta tsage, ka tabbatar murfinta ya kama. A gwajin PCV, wato auna kason jajayen ƙwayoyin jini, bakin siririn bututun da aka toshe shi ne zai kalli waje. Idan ka juya shi, jinin zai watsu cikin injin. Tebur ya zama mai ƙarfi, shimfiɗaɗɗe. Kada ka wuce gudun da kamfani ya ƙayyade wa faifan. Bayan ka kunna, tsaya a wurin har injin ya kai cikakken gudunsa kana saurare. Ƙarar da ba ka saba ji ba ko girgiza, kashe nan take.

Abin da ya fi ɗaga mini hankali shi ne tsayar da faifai da hannu don sauri. Tsofaffin injuna ba su da makullin da ke hana buɗe murfi, sai mutum ya ga layin marasa lafiya ya yi tsawo ya sa yatsa. Yatsa na iya karyewa, jinin da aka raba kuma ya sake gaurayewa, aikin ya koma baya. Ko wuta aka ɗauke, faifan bai tsaya ba tukuna. A jira shi.

Idan kwalba ta fashe, kashe injin ka bar shi a rufe minti 30 don feshin ya kwanta, kamar yadda Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara. Ka sanar da shugaban ɗakin. Sannan ka sa safar hannu mai kauri da takunkumi, ka tsince gilashin da hantsaki, ka zuba a akwatin kayan tsini. Ka tuna cutar hanta nau'in B tana iya kwana bakwai ko fiye a busasshen jini. Bilic yana cin ƙarfe, don haka a wanke faifai da kofunansa da maganin kashe ƙwayoyin cuta wanda kamfanin injin ya amince da shi, a ɗauraye, a bar su su bushe sarai kafin a mayar.