Gasa transiston bututun kabon cikin iskar haidurojin

Gasawa cikin haidurojin mataki ne da ake bi bayan an gama ƙera transisto, wato ƙaramar na'urar da ke buɗe wa wutar lantarki hanya ko ta rufe ta, inda ake sa shi cikin tanderu mai zafin da ya kai kimanin digiri 400 a ma'aunin Salshiyas, iskar haidurojin tana bi ta kansa, ko tsantsarta ko a gauraye da naitirojin. Masana'antar da ke ƙera transisto da silikon ta daɗe da wannan dabara, amma a transiston bututun kabon tasirinta ya fi girma, domin tana iya sauya nau'in transiston baki ɗaya.

Tarihi

Bututun falle ne na ƙwayoyin kabon da aka naɗe kamar tabarma, kuma faɗin mai bango ɗaya yakan tsaya tsakanin nanomita 1 zuwa 2 (nanomita kashi ɗaya ne cikin biliyan na mita). Galibi ana danganta gano shi da Sumio Iijima na kamfanin NEC a Japan a 1991, ko da yake wasu na nuni da hotunan da masana a Tarayyar Sobiyat suka buga tun 1952. An fara yin transisto da shi a 1998, a jami'ar Delft ta ƙasar Holan da kuma kamfanin IBM a Amurka.

Kusan duk transiston farko nau'in p ne, wato wanda caji mai alamar + ke ɗaukar wutarsa, muddin yana cikin iskar duniya, alhali ba a haɗa da'irar kwamfuta mai tsimin wuta sai da nau'in n, wanda caji mai alamar − ke ɗaukar wutarsa, a gefensa. A 2001 masu bincike a IBM suka nuna cewa gasawa a wurin da aka zuƙe iska tana mayar da p zuwa n, kuma idan oksijin ta sake shiga sai ya koma yadda yake. A 2002 ayarin Hongjie Dai na jami'ar Stanford ya samu nau'in n ta hanyar gasawa cikin haidurojin. Shekara ɗaya bayan haka, sai suka haɗa bututun da ƙarfen faladiyam, wanda ke shan haidurojin sosai, suka ga haidurojin tana canza shingen da ke tare wuta a mahaɗar ƙarfen da bututun, har gudun wutar ya sauya.

Dalili

An yi saɓani kan ko oksijin, wadda ke sa transiston ya zama nau'in p, tana aiki ne a jikin bututun ko a mahaɗarsa da ƙarfe. Ra'ayi na biyu ya fi rinjaye.

Zafin yana kuma korar ruwan da ya maƙale a shimfiɗar da bututun ke kwance a kanta, wanda shi ke sa awo ya bambanta tsakanin ƙara ƙarfin wutar ƙofa, wato sashen da ke kunna transiston da kashe shi, da rage shi. Saboda haka transiston da ba a rufe ba zai iya ba da sakamako ɗaya cikin laimar damina a Kano, ya ba da wani cikin bushewar hunturu.

Haɗari

Haidurojin da aka mayar filasma, wato iska mai ɗauke da cajin lantarki, tana cin bangon bututun, don haka ba a ɗaukar ta daidai da gasawa ta yau da kullum.