Waiwaye: Binciken Jami'a da Sana'o'in Fasaha a Kano da Zariya

Daga tsohon mazaunin Jami'ar Bayero zuwa marinar Ƙofar Mata, tafiyar adaidaita ce da ba ta kai rabin awa ba. Duk da wannan kusanci, abin da ake rubutawa a kundayen digiri da abin da ke hana marini ko baduku ko mai shirya fim barci, hanyar jirgi daban ta mota daban. Yanzu da ake ta maganar haɗa jami'o'i da 'yan kasuwa don bunƙasa sana'o'in fasaha, ya dace a duba inda aka taɓa haɗuwa da inda aka rabu.

An taɓa haɗuwa, tun ma kafin a sami jami'a a Arewa. Hukumar Fassara da aka kafa a 1929 ta koma Zariya, kuma daga nan shugabanta, Rupert East, ya shirya gasar ƙagaggun labarai ta 1933. Jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fara fitowa a 1939, Kamfanin Gaskiya ya biyo baya a 1945, sannan hukumar adabi ta Jihar Arewa, wato NORLA, a shekarun 1950. Muhimmin abu a nan shi ne tsarin aikin: mai daidaita ƙa'idar rubutu, da marubuci, da mai zanen hoto, da mai ɗab'i, duk suna wuri ɗaya. In aka yanke shawara kan yadda za a rubuta ƙ ko ɗ, nan take maganar za ta isa ga mai jera haruffa. Haka ma cibiyar koyar da ginin tukwane da Bature maginin tukwane Michael Cardew ya buɗe a Abuja ta dā, wato Suleja, a farkon shekarun 1950. Ana gwada yumɓun yankin da zafin wuta a wurin da ake ginin, kuma a nan Ladi Kwali ta ɗora sabuwar dabarar gashi a kan ginin gargajiya na Gwari. Jami'ar Ahmadu Bello ta ba ta digirin girmamawa a 1977.

Da aka kafa Jami'ar Ahmadu Bello a 1962, ta gāji sashen zane-zane mai ƙarfi, daga baya kuma aka sami sashen da ke koyar da zayyanar yadi da tangaram da gilashi. A Samaru akwai cibiyar binciken fata, wadda yau ake kira NILEST. Kano ta sami cibiyar nazarin harsunan Nijeriya, sannan Kwalejin Abdullahi Bayero ta zama cikakkiyar jami'a a 1977. Ilimi dai bai yi ƙaranci ba. Abin da aka rasa shi ne ɗan aike. A fannin noma an gane haka da wuri: Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru na fitar da irin dawa ko gyaɗa, malamin gona ya kai wa manomi har gonarsa, ya kuma dawo da kokensa. Marina da majema da masaƙa ba su taɓa samun irin wannan malami ba, kuma mu a ganinmu nan ne gizo ke saƙa.

Tsarin tsuke bakin aljihu na 1986 ya ƙara nisanta ɓangarorin. Takarda ta yi tsada, manyan kamfanonin ɗab'i suka ja baya, ɗakunan gwaji suka rasa sinadarai. Matasan marubuta, da yawansu mata, suka fara buga littattafansu da kuɗin aljihunsu, abin da aka laƙaba wa adabin kasuwar Kano. Wasu malaman jami'a sun tarbi littattafan da suka a shafukan jaridu, wasu suka kāre su. Muhawarar ta yi amfani, amma ba ta gyara wa marubuciya ƙa'idar rubutu ko tsarin rabon kuɗi tsakaninta da dillali ba.

Fim ya zo ta wannan ƙofar. An fara fim ɗin bidiyo na Hausa a Kano a 1990, sunan Kannywood ya bayyana a ƙarshen shekarun, Hukumar Tace Finafinai ta jiha ta kafu a 2001. A 2003 aka yi babban taro a Kano wanda ya zaunar da masana da 'yan fim a zaure ɗaya, kuma Farfesa Abdalla Uba Adamu na cikin waɗanda suka fi dagewa a kan cewa wannan masana'anta ta cancanci nazari na haƙiƙa. Ba don irin wannan aiki ba, da tarihin shekarun farko ya ɓace. Sai dai yawancin binciken da ya biyo baya a kan 'yan fim aka yi shi, ba dominsu ba: tasirin finafinan Indiya, rawa da waƙa, tarbiyya. An rubuta shi da Turanci, an buga a mujallun da furodusa ba zai taɓa gani ba. Shi kuwa tambayoyinsa daban ne. Yaya zai ɗauki sauti mai tsabta alhali janareta na ruri a bayan gida? Kwafi nawa aka sayar, nawa masu satar fasaha suka buga? Da kasuwar faifai ta rushe a tsakiyar shekarun 2010, masana'antar ta koma YouTube da tashoshi irin su Arewa24, wadda ta fara aiki a 2014, kuma kowa da lalube ya koyi sabon lissafin. Alƙaryar fim da gwamnatin tarayya ta yi niyyar ginawa a Ƙofa ta Bebeji a 2016 an janye ta bayan ce-ce-ku-ce, ba tare da an fara zama da jama'ar da za a gina ta a cikinsu ba.

Gwamnati ta yi nata ƙoƙarin. Akwai shirin tura ɗalibai masana'antu na SIWES tun 1973, akwai ofisoshin mallakar fasaha da hukumar bunƙasa fasaha ta ƙasa, NOTAP, ta buɗe a jami'o'i, akwai kuɗin bincike na TETFund. Matsalar ita ce an ɗinka waɗannan riguna ne da awon babbar masana'anta: kamfani mai rajista, mai littafin kuɗi da akanta ya duba, mai ƙirƙirar da za a yi wa takardar mallaka. Baduku mai yara shida a rumfa bai cika ko ɗaya ba.

A dubi fata kusa-kusa, don a ga irin tambayar da ɗakin gwaji zai iya amsawa. Majemin gargajiya da bagaruwa yake jima, kuma ƙarfin bagaruwa na bambanta gwargwadon inda aka tsinko ta da yadda ta bushe. Shi da ido da hannu yake awo, don haka jimar wannan mako ba lallai ta yi daidai da ta makon gobe ba. Mai sayen fata goma ba zai damu ba, amma mai son ɗari biyar masu launi ɗaya zai mayar da kaya. Gwajin ba mai tsada ba ne. Ana yanko ɗan ƙyallen fata a sa a ruwa, a riƙa ɗumamawa ana duba ma'aunin zafi. Ɗanyar fata na takurewa wajen digiri 65, wadda ta jimu da bagaruwa kan kai 70 zuwa 80 ko sama kaɗan, ta sinadarin kurom kuwa tana jure tafasa. In ta takure da wuri, jima ba ta ratsa ba. Jan karan dafi kuma ana goga masa farin ƙyalle, busasshe da jiƙaƙƙe, a ga ko yana zuba. Sannan da yawan aibin fata tun a mahauta yake samuwa: wuƙar fiɗa ta huda ta, ko an makara wajen sa gishiri, ko an shanya ta a ƙasa cikin rana har bayanta ya bushe cikinta na ruɓewa. Duk wannan sananne ne a Samaru shekara da shekaru. Wanda zai tsaya a majema da ma'auni a hannu, ya yi bayani da Hausa, ya dawo bayan mako biyu, shi ne babu.

Birtaniya ta fuskanci irin wannan giɓi, kuma tun 1975 take da shirin da ke ɗaukar wanda ya gama digiri a ajiye shi cikin kamfani shekara ɗaya zuwa uku, a kan matsala guda da kamfanin ya kawo. Malaminsa na ba da kimanin rabin yini a mako, ƙaramin kamfani na biyan kusan kashi ɗaya cikin uku na kuɗin. A 2018 suka ƙara da cibiyoyi tara na sana'o'in fasaha a yankuna, kowace da jami'ar da ta jagorance ta, kamar Abertay da ke Dundee a wasannin kwamfuta da Leeds a tufafi. Abin ɗauka a nan shi ne tambaya daga mai sana'a take fitowa, kuma yana sa kuɗinsa, don haka yana bibiya.

A Kano ba za a kwafi wannan yadda yake ba. Abokin yarjejeniya zai zama ƙungiya ce, ta marina ko ta dukawa ko ta 'yan fim, wato MOPPAN, tunda ɗaiɗaikun masu sana'a ba su da takardu. Lokaci ma sai an yi masa dabara: mai ɗinki da Sallah yake lissafi, jami'a da zango, kuma yajin aikin 2022 kaɗai ya ci wata takwas. Ƙarin girma ga malami har yanzu da yawan maƙalu ake auna shi, saboda haka wata shida a majema asara ce a takardarsa, sai in majalisar jami'a ta amince ta lissafa shi.

Akwai kuma batun amana. Mai sana'a ya sha ganin ɗalibi ya zo da takardar tambayoyi, ya kwashi sirrin haɗi, ya ɗauki hotuna, bai sake waiwayowa ba. Sabuwar dokar haƙƙin mallaka da aka sa wa hannu a 2023 ta shafi ayyukan da ke yawo a intanet, amma ba za ta maye gurbin takarda mai shafi biyu da Hausa ba, wadda ta fayyace wa ke da zane, wa ke da sakamakon gwaji, da abin da ba za a buga ba. Aikin da ya fi gaggawar buƙatar irin wannan takarda shi ne kaset-kaset na finafinan shekarun 1990 da ke jibge a shaguna da ɗakunan ajiya, zafi da ƙura na cin su. Jami'a na da kwamfuta da ma'adana da ɗaliban da za su juye su, furodusoshi da magadansu na da kaset ɗin, kuma ba za su miƙa ba sai sun ga a rubuce cewa fim ɗin nasu ne ko bayan an juye shi.