Gasar Ƙwallon Gora ta Kan Ƙanƙara ta Matasan Duniya

Gasar ƙwallon gora ta kan ƙanƙara ta matasan duniya gasa ce da ƙasashe ke yi duk shekara, kowace ƙasa ta tura samarinta waɗanda ba su kai shekara 20 ba. Hukumar wasan ta duniya, IIHF, ce ke shirya ta, wadda aka kafa a birnin Paris a 1908, hedikwatarta kuma tana Zurich ta ƙasar Suwizalan. Bisa al'ada ana buɗe gasar ranar 26 ga Disamba, a rufe a makon farko na Janairu. A ƙauyukan Kano da Jigawa lokacin ya zo daidai da tsakiyar hunturu, an gama kaka, masu noman rani sun koma fadama.

Yadda wasan yake

Filin wasan daɓen ƙanƙara ne, ruwa ake malalawa a daskarar da shi da injin sanyi. A ma'aunin ƙasa da ƙasa tsawonsa mita 60 ne, faɗinsa mita 30, an kewaye shi da katanga. 'Yan wasa na sa takalmi mai siririn ƙarfe a ƙasansa, da shi suke sulɓi a guje. Abin da ake bugawa ba ƙwallo ba ce zagayayya. Wani baƙin faifan roba ne mai tauri, girmansa bai wuce na masa ba, faɗinsa santimita 7.6, kaurinsa 2.5. Sai an daskarar da shi kafin wasa don kada ya riƙa tsalle.

Kowane ɓangare na da mutum shida a fili, har da mai tsaron gida. Ana yin zango uku, kowanne minti 20, kuma agogo na tsayawa duk lokacin da wasa ya tsaya. Gudun ya yi tsananin da ɗan wasa da wuya ya wuce minti ɗaya a ciki, sai ya haure katanga ya fita, wani ya faɗo, wasa kuwa na ci gaba. Wanda ya yi ƙaramin laifi a zaunar da shi minti 2 a wani keɓaɓɓen wuri, 'yan'uwansa su ci gaba da gurbinsa a buɗe. A irin waɗannan mintuna biyun ake yawan cin wasa ko a rasa shi.

Tarihi

An fara gasar a 1974 a birnin Leningrad na Tarayyar Sobiyet, ba da sunan hukuma ba. Sau uku aka yi haka, Tarayyar Sobiyet ta cinye duka. A 1977 IIHF ta karɓi ragamar, aka yi ta farko a hukumance a Cekoslobakiya, nan ma Sobiyet ce ta ɗauka. A wancan zamanin kowace ƙasa kan kara da kowa, mai maki mafi yawa ya ɗauki zinare. Daga 1996 ne aka koma ƙasashe 10 a rukuni biyu, sannan zagayen sili-ɗaya-ƙwale har zuwa wasan ƙarshe. Wadda ta zo kurar baya a sauke ta zuwa aji na ƙasa, wata ta hau.

Daren da aka fi tunawa a tarihin gasar bai yi daɗi ba. Ranar 4 ga Janairu 1987, a garin Piestany na Cekoslobakiya, Kanada na gaban Sobiyet da ci 4 da 2 sai faɗa ya kaure. 'Yan benci na ɓangarorin biyu suka dira fili, aka yi ta naushi. Alƙalan wasa suka rasa yadda za su yi, suka fice, har aka kashe fitilun zauren ko yaran za su daina, ba su daina ba. Aka kori ƙasashen biyu daga gasar, Finlan ta tafi da zinarenta na farko. Yara ne 'yan ƙasa da shekara 20 aka ɗora wa gabar manya ta zamanin yaƙin cacar baka, kuma laifin wannan dare bai kamata a jibga musu su kaɗai ba.

Zuwa 2023 Kanada ta ci zinare 20, ciki har da biyar a jere daga 1993 zuwa 1997, da wasu biyar daga 2005 zuwa 2009. Amurka ba ta fara ci ba sai 2004, amma ta ɗauka a 2024 da 2025 a jere. Jamhuriyar Cek ta ci a 2000 da 2001. An dakatar da Rasha da Belarus a 2022 saboda yaƙin Yukren. Gasar 2022 kuma cutar korona ta katse ta bayan 'yan kwanaki da farawa, aka sake ta a watan Agusta a birnin Edmonton na Kanada.

Abin da ya ba ta daraja

Ƙimar gasar na nan ne a kan cewa a nan ake fara ganin yaro kafin sunansa ya cika duniya. Wayne Gretzky yana da shekara 16 ya fi kowa maki, wato ƙwallayen da ya ci da waɗanda ya taimaka aka ci, a gasar 1978 a Kanada. Peter Forsberg na Suwidin ya tara maki 31 a wasa bakwai a 1993, har yau ba a kamo shi ba. Connor Bedard ya samu 23 a 2023, watanni kaɗan bayan haka shi ne na farko da aka zaɓa zuwa NHL, babbar gasar ƙwararru ta Amurka da Kanada. Masu farautar 'yan wasa na cika zauren da littattafansu, kwana goma sha ɗaya na iya sauya rayuwar yaro da ta gidansu.

Babu inda aka riƙe ta da muhimmanci kamar Kanada. Tun 1991 tashar TSN ke nuna ta, ta zama abin da iyali ke taruwa su kalla a hutun ƙarshen shekara. Tushen wannan ƙauna a karkara yake. Da yawa daga cikin 'yan wasan ƙasar sun taso ne a ƙananan garuruwa, inda sanyi ke daskarar da tafki, uba ya malala ruwa a bayan gida da dare, gari ya waye ya zama fili. Ƙasa ce ta ba su wasan, kafin kuɗi da talabijin su shigo ciki.

A wajenmu

Mutumin Ringim ko Ɗambatta ya san ƙanƙara a matsayin abin da ake saye a sanyaya ruwan buɗa-baki, sai kuma wadda kan zubo da ruwan sama ta lalata shuka. Gidajen kallo a ranar 26 ga Disamba ƙwallon ƙafar Ingila suke nunawa. Idan ana gasar a gabashin Kanada, wasan ƙarfe bakwai na yamma a can ƙarfe ɗaya na dare ne a nan, janareta ya daɗe da mutuwa. Saboda haka yawanci guntayen bidiyo ne a waya ke kawo labarinta.

Duk da haka jinin Najeriya ya taka wannan ƙanƙara. Jarome Iginla, wanda aka haifa a Edmonton a 1977, mahaifinsa ɗan Najeriya ne. Yana cikin tawagar Kanada da ta ci zinare a 1996, aka kuma zaɓe shi gwarzon 'yan gaba na gasar. Rumun Ndur kuwa a Zariya aka haife shi a 1975, ya girma a Kanada, ya buga wa ƙungiyar Buffalo Sabres a NHL. A nahiyar Afirka, Afirka ta Kudu ce ta daɗe a wasan, tana cikin IIHF tun 1937, matasanta kuma suna fafatawa a ƙananan azuzuwan gasar.