Ba kowane ciwon ƙahon zuciya ba ne olsa

Sau da yawa sai an kwana uku ana shan maganin olsa na kemis kafin a kawo mana mara lafiya. Za ka tarar da shi a duƙunƙune kan benci, ya rungume gwiwoyinsa, don da ya kwanta rigingine ciwon sai ya ƙaru. Abin ya soke shi a ƙahon zuciya ya ɓulle ta gadon baya, ga amai babu ƙaƙƙautawa. Irin wannan mukan zargi kumburin fankiriyas, tsokar nan da ke bayan tumbi, mai samar da insulin da ruwan narkar da abinci.

Giya da tsakuwar matsarmama su ne kan gaba wajen jawo shi. Bututun matsarmama da na fankiriyas ƙofa ɗaya suke bi su shiga hanji. In ƙaramar tsakuwa ta gangaro ta maƙale a nan, sai ruwan narkar da abincin ya koma yana cin fankiriyas ɗin.

Jinin da muke ɗiba aiki biyu yake yi. Gwajin laifes ko amiles, sinadaran narkar da abinci da fankiriyas ke fitarwa, in ya ninka ƙa'ida sau 3, ya nuna fankiriyas ne ya kumbura, amma bai faɗi dalili ba. Dalilin a gwajin hanta muke nemansa. Idan ALT, wani sinadarin hanta da ake aunawa a jini, ya haura 150 cikin awa 48 na farkon ciwo, galibi tsakuwa ce, balle in idanu sun yi rawaya kamar mai shawara. Sai a tura mutum hoton ciki a tabbatar. Ko da ALT bai tashi ba, hoton nan ba a barinsa.

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne jinkiri. Amiles kan sauka cikin kwana 3 zuwa 5, tsakuwar ma takan wuce da kanta, sai mai zuwa a makare ya zo sawun ya fara ɓacewa. Matsarmamar kuwa tana nan da sauran tsakuwoyinta, ciwon zai iya dawowa fiye da na farko. Shi ya sa in kumburin bai yi tsanani ba, likitoci kan so cire matsarmamar tun kafin sallama. Kada ku tsorata, ana rayuwa lafiya lau babu ita.

Mata masu yawan haihuwa, da masu ƙiba, da 'yan'uwanmu masu sikila, ku tsakuwar nan ta fi samu. Ranar da irin wannan ciwo ya taso, ranar za ku zo a ɗibi jini.